Ɗan Yayar Koci

Lahadi, 9 ga Maris

Sun sha kashi. Wasan ƙarshe na kofi, a bugun fenareti, kuma Auta ne a raga.

Ban je filin ba, ban taɓa zuwa ba. A rediyo na ji, ina duba takardun jarrabawar 'yan aji uku. An yi kunnen doki, an shiga ƙarin lokaci, saura ƙiris a busa sai na ji mai sharhi yana ihu wai ana canza mai tsaron raga. An cire Katanga, golan da garin nan yake ji da shi, an saka ɗana, wanda tun farkon kakar wasa benci yake ɗumamawa. Mai canjin kuwa ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Koci. Sai da jan biro ya suɓuce daga hannuna.

Biyar aka buga wa Auta, biyar suka shiga. A namu, ɗaya ya ɗaga ƙwallon sama ta wuce. Shi fa har yanzu ban ji wanda ya ambace shi ba.

Auta ya shigo kafin magariba. Bai ci komai ba, ya rufe ƙofa.

Litinin, 10 ga Maris

Shagon askin da ke ƙarƙashin tagata ya zama kotun ƙoli. Alƙalin alƙalai shi ne mai facin nan da suke kira Farfesa, mutumin da in ya bi akuya da gudu sai an yi masa fifita. Tun safe suke yi.

"Gola da sanyin jiki ba a saka shi a fenareti. Ko ƙwallo ɗaya bai taɓa ba!"

Wani ya ce ai manyan kociyoyi suna yi, kuma yana ci.

"Su da gola suke yi, ba da ɗan yaya ba."

Dariya. Sai suka koma kan wanda ya kamata ya buga ta uku, wai me ya sa aka ajiye mai cin ƙwallo sai ta biyar, aka tura ɗan baya. Na ɗan samu numfashi. Ba su daɗe a can ba suka dawo kan Auta.

Tarihi nake koyarwa. Na san yadda taro yake zaɓen mutum ɗaya: da barkwanci ake farawa, sai a raɗa masa suna, sai wani ya tambaya ina ne gidansu. Ban taɓa tunanin zan ji darasin daga tagar ɗakina ba.

Talata, 11 ga Maris

An raɗa masa sunan. Kwando, wai komai aka zuba masa wucewa yake.

Laraba, 12 ga Maris

Na dawo daga makaranta na tarar an rubuta shi da baƙin fenti a ƙofarmu, har da kuskuren rubutu. Na tsaya ina kallo, hannuna na ƙaiƙayin gyarawa. Sun san ƙofar ke nan. Hawa na biyu, ta ƙarshe a lungu, ba wanda zai same ta sai ya tambaya, kuma an nuna masa.

Ina kankarewa da wuƙa sai ga Koci, ya janyo hula har hanci kamar ɓarawon waya. Ban bar shi ya shiga ba.

Na ce, "Me ya yi maka? Ɗan marayan nan me ya yi maka?"

"Yaya, ni na yi canjin. Ni zan ɗauki laifin."

"Kai za ka ɗauka? Ƙofar wa aka rubuta wa?"

Ya ce ya faɗa a rediyo cewa shawararsa ce shi kaɗai. Na ce na ji, kuma shi ne ya ƙara hura wutar, don yanzu kowa ya tabbata ya yi ne don a ga ɗan yayarsa da kofi a hoto. Na tambaye shi dalili, dalili ɗaya da mai hankali zai saurara. Ya kalli takalmansa. Tun yana yaro haka yake in ya yi ɓarna, sai ya kalli takalma.

Na ce kada ya ƙara tako min gida. Ni na goya shi, ni na koya masa ɗaura igiyar takalmin da yake kallo.

Alhamis, 13 ga Maris

Dutse, da rana tsaka, ta tagar falo. Ya faɗa kan kujerar da babansu yake zama kafin rasuwarsa. Gilashi har cikin tire. Na leƙa, titi cike da mutane, kowa na harkarsa, ba wanda ya ga komai. Mai aski ya ɗago ya kalle ni, ya ci gaba da aski.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Wanda na tarar a teburin ya rubuta, ya ce za a duba, sannan ya ce, "Amma Malama, tsakani da Allah, ko ɗaya ai ya kamata ya tare."

Bara an tare wani alƙalin wasa a bayan tasha. Har yau da sanda yake tafiya. Ba na son in tuna, amma da shi nake kwana da shi nake tashi.

Na kira babbar 'yata. Ta ce a turo mata Auta, mijinta zai sama masa aiki a shagonsu. Garinsu ba wanda ya san fuskarsa.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ya fita sayen katin waya ban sani ba. Babura biyu suka biyo shi tun daga kwana, a hankali, ba su ce komai ba, sai hon. Ya shigo leɓensa fari. Yaro mai tsawon da sai ya sunkuya a ƙofa, ya zauna a ƙasan kicin ya jingina da firij.

Na ce ya haɗa kaya, gobe sai gidan yayarsa, ƙwallo kuma an gama. Na zazzagi kawunsa tas. Ban san abin da na faɗa ba har ya ɗago.

"Umma, ba laifin Kawu ba ne."

Sai da na matsa. Ashe Katanga ne da kansa ya ce a cire shi. Ana dab da tashi, da aka tsaya duba wani da ya ji ciwo, ya zo gefen fili kamar zai sha ruwa, ya ce wa Koci gwiwoyinsa sun saki, ba ya gani sosai, ba zai iya tsayawa fenareti ba. Ba rauni ba ne, tsoro ne zalla. Auta yana kusa, ya ji. Koci ya juyo ya ce masa, "Tashi, sa safarka."

Katanga! Wanda hotonsa ke manne a madubin mai aski.

Na miƙe ina neman mayafi. Ya riƙe min ƙafa da hannu biyu.

"Umma, don Allah. Abin da aka faɗa a benci ba ya fita. In ya fita ta bakina, ba ƙungiyar da za ta ƙara yarda in canza kaya a ɗakinta. Kuma shi za su kashe. Ni haushina suke ji, shi kuwa sonsa suke yi."

Na ce kai fa? Ya ce, "Zai wuce."

Zai wuce. Wa ya koya wa yaran nan irin wannan maganar? Ƙungiyar da ba ta iya sayen ruwan sha mai sanyi, amma tana da dokar rufin asiri kamar ta sojoji. Kuma ya ce ba inda za shi.

Asabar, 15 ga Maris

Jimla ɗaya ce. In sauka, in tsaya a bakin shagon, in faɗe ta, kafin la'asar ta zaga gari. Baburan su canza unguwa.

Na san uwar Katanga. A asibiti take aikin wanki, mun taɓa haɗuwa a layin karɓar magani, ta riƙe min wuri. Ina ruwana? Ɗanta ne ya ji tsoro, nawa ya tashi. Na karanta littattafai da yawa da ake yabon wanda ya yi shiru ya ɗauki laifin wani. Ban ga ɗaya da uwarsa ta rubuta ba.

A ƙasa yau sun koma lissafin ɓangaren da ya kamata Auta ya faɗa. Farfesa ya ce da shi ne, tsakiya zai tsaya kawai. Da cikin nan nasa ai da ya tare biyu bai motsa ba.

Duk ƙarar babur sai na ajiye abin da ke hannuna.

Lahadi, 16 ga Maris

Na sauka.

Auta yana wanka, na yafa mayafi na fita ban rufe ƙofa da ƙarfi ba. A kan matakala na maimaita jimlar kamar mai shiga aji. Shagon cike, har a tsaye. Da suka gan ni sai hira ta mutu, injin aski kaɗai ke kuka. Farfesa ya ce, "A'a, Malama da kanta. An zo ɗaukaka ƙara ne?"

Na buɗe baki. Sai na ga wanda ke kan kujerar.

Katanga ne, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, an aske rabin kai. Ashe shi suka taru kallo. Wani yana dafa kafaɗarsa yana cewa, "An cuce ka, Oga, da kai ne da kofin yana nan." A madubi muka haɗa ido. Ya san na sani, a take na ga ya sani. Na ɗauka babban mutum ne, yadda ake kururuta shi. Yaro ne. Da kaɗan ya girmi Auta, har da ƙuraje a goshi. Ƙyallen da ke kan gwiwoyinsa yana karkarwa, mai aski ya ce, "Oga, tsaya mana, kada in yanke ka."

Na dubi hannayen da ke dafe da shi. Na ƙirga nisan da ke tsakaninsa da ƙofa, da yawan mutanen da ke tsakani. Ban san me ya sa na yi wannan lissafin ba. Da na faɗa, ba zai kai titi ba.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wanda ya fasa min taga, Allah ya isa. Wanda ya yi rubutu a ƙofata kuma ya zo aji in koya masa harafin da ya bari."

Aka yi dariya, wasu da kunya, wasu babu. Na juyo. A matakala na zauna a kan ƙura da kayana masu kyau.

Na tsani kaina. Na samu dama na zubar, kuma in wani abu ya sami Auta gobe, ni ce.

Litinin, 17 ga Maris

Ban faɗa wa Auta ba, amma ya ji. Ya dafa min shayi, abin da bai taɓa yi ba. Sukari kamar za a yi alawa. Na shanye.

Gobe za su koma atisaye. Ya ce zai je. Na ce ya bi ta kan gawata. Ya ce, "To, Umma," yana goge takalmi.

Koci ya kira. Ban ɗauka ba. Ban kuma kashe wayar ba.

Talata, 18 ga Maris

Da safe aka ƙwanƙwasa. Na ɗauko taɓarya... a'a, sandar goge-goge ce, ita ke kusa. Na tambaya wane ne.

"Umma, ni ne. Na zo mu tafi fili da Auta."

Katanga, da jaka a kafaɗa, idanu ja. Umma! Wa ya haife shi? Na buɗe na tsaya masa a ƙofa. Na jira ya ce wani abu, ko ya ce zai faɗi gaskiya, ko ya ba ni haƙuri. Bai ce ba. Ya ce, "Kullum zan riƙa zuwa. Tare za mu tafi, tare za mu dawo."

Na ce wannan ba biyan bashi ba ne. Ya ce ya sani.

Ta tagar da aka toshe da kwali na leƙa, ta gefe. Suka fito titi kafaɗa da kafaɗa, ya karɓi jakar Auta ya haɗa da tasa. A gaban shagon aski ya rage tafiya don kowa ya gani. Farfesa ya buɗe baki ya rufe. Akwai babur ɗaya a kwana, mai shi zaune a kai. Suka nufe shi. Mai babur ɗin ya kalle su, ya kalli Katanga, ya ɗaga masa hannu. Bai tayar da injin ba.

Yau ke nan. Gobe ban sani ba. Katanga matsoraci ne har yanzu, ban yafe masa ba, Koci ma haka, kuma ban ce wa 'yata ta fasa gyara ɗaki ba.

Na makara zuwa makaranta, ina tsaye har suka ɓace. Na ce Allah ya dawo min da su lafiya. Su, na ce. Bakina ne ya zame.