Tankar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Laraba, tara ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a ɗakin gwaji, lokacin hutu.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, ina cin abinci.

Ka kwantar wa Inna da hankali, ba giya muke yi ba. Etanol ne na rake, wanda doka ta ce a zuba kashi goma cikin ɗari a fetur. Aikina auna ruwan da ke cikinsa.

Jiya ruwan wata tanka ya zarce ƙa'ida kaɗan. Na auna sau uku, na ƙi sa hannu a takardar fitarta. Direban ya ce, "Malam mai tabarau, ɗigo nawa ne? Injin ma ba zai sani ba." Shugabana kuwa, yau bai amsa gaisuwata ba. Saura kwana goma sha biyu a tabbatar da ni a aiki. Kada Inna ta ji wannan, a dai sa ni a addu'a.

Ƙaninka.

Abin da ban sani ba: ko na'urata ce ta yi kuskure, ko za su riƙe ni, da kuma wanda ya sa hannun, don da safe babu tankar a haraba.