Lawwalin Guga da Shekarar Ba-a-faɗi

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Majalisar Editocin Guga, jaridar ɗaliban ƙasar Gobir da ke karatu a wannan jami'a tamu, ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa jaridar kuma editanta na farko, Malam Lawwali Bawa Tsamaye, ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen nazarin ƙasa, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Alhamis, 18 ga Afrilu, 1985, a gidan mahaifinsa marigayi Malam Bawa da ke Tsamaye, yana da shekara ashirin da takwas a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin ɗaukacin ma'aikata da masu karanta wannan jarida, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, Inna Saude, da mai ɗakinsa, Malama Ruƙayyatu, da masu girma hakimai da limamai da dattawan Sabon Birni da Isa, da direbobin tashar Isa waɗanda suka yi shekara huɗu suna ɗauko mana labarai a aljihun rigunansu.

Marigayi ya kafa Guga a shekarar 1981 da tafireta ta aro da injin gurza takarda mai mariƙi, shafi huɗu, kwafi sittin. Tafiretar ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ, don haka shi da kansa yake bin layi ɗaya bayan ɗaya yana sa wa haruffa ƙugiya da hannu, kuma duk wanda ya kawo masa rubutu ya bar kasa a inda ake nufin ƙasa, ranar ya sha faɗa har ya gode Allah. Daga nan muka laƙaba masa Mai Ƙugiya, ya yi fushi na mako guda, sannan ya fara sa hannu da sunan. Mutum ne mai kafiya, ba za mu ɓoye ba don ya rasu, amma kafiyar tasa ce ta ɗaga jaridar daga kwafi sittin zuwa ɗari bakwai, ta ƙara mata shafin ajami domin waɗanda ba su yi boko ba, har ta kai ana karanta ta da babbar murya a rumfunan kasuwar Isa.

A ƙarƙashin jagorancinsa ne Guga ta buga sanarwar rigakafin bushiya da Hausa da Fillanci lokacin da cutar ta faɗa wa shanu, makiyayan Kurawa suka kai garkunansu allura a kan lokaci. Shi ne ya buɗe shafin Daga Gida, inda kowane wata muke bayyana gaba nawa na igiya kowace rijiya take ci kafin guga ya taɓa ruwa, ƙauye bayan ƙauye, tun kafin kowa ya yarda cewa fari ya shigo. Da jama'a suka fara watsewa kudu, shafin ya koma jera sunayen waɗanda suka tashi da garuruwan da aka gan su, kuma mun san gidaje goma sha tara da suka gano 'yan uwansu ta wannan hanya.

A daminar bara, da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, kwamitin da ke tace rubutun ɗalibai ya aiko mana da umarni a rubuce. An yarje mana mu ce fari, domin fari daga Allah yake. An yarje mana mu ce ƙarancin cimaka. Kalma ɗaya aka hana, kalmar nan mai harafi biyar da kowa yake faɗi idan rumbu ya zama wayam, ciki ya wuni ya kwana ba abin da ya shiga cikinsa. Aka ce kalmar tana tayar da hankalin jama'a, kamar dai jama'ar ba su ne suke fama da abin ba. A fitowar watan Disamba, Malam Lawwali ya ɗora wannan kalma ita kaɗai a saman shafin farko da manyan haruffa, ya jera sunayen ƙauyuka arba'in da bakwai a ƙarƙashinta. Cikin mako biyu motoci biyu na dawar agaji suka isa Kurawa. Cikin makon da suka isa kuma aka dakatar da shi daga karatu, saura masa zango ɗaya ya kammala digiri.

Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne ya koma garinsu, ya riƙa zuwa wani ofishi a Sabon Birni kowace Litinin yana sa hannu, idan ya saɓa sau ɗaya dakatarwa ta zama kora. Ta haka aka ɗaure shi ba igiya. Sa'o'insa duka suka tafi cin rani Gusau da Kaduna da Ikko, suna aiko wa gida da abin da ya samu, shi kuwa ba dama ya yi nisan da zai hana shi dawowa Litinin. Da farko da keke yake zuwa, daga baya aka sayar da keken aka auno dawa, ya ci gaba da zuwa da ƙafa cikin zafin bazara. Bai saɓa ko sau ɗaya ba. Malama Ruƙayyatu ta shaida wa wakilanmu cewa tun watan Fabrairu, duk sa'ad da aka miƙa masa ƙwarya sai ya ce ya riga ya ci a hanya, ya tura wa Inna Saude, alhali a wannan hanya babu wanda yake da abin da zai ba wani.

Wajibi ne a nan mu faɗi namu rabon. Ranar da aka kira majalisar nan gaban kwamiti, marigayi ya ce shi kaɗai ya yi, muka yi shiru, alhali mu shida muka juya mariƙin injin. Aka miƙo mana takardar alkawari cewa kalmar ba za ta sake fitowa da sunan Guga ba, idan ta fito a rufe jaridar a sallame mu baki ɗaya, muka sa hannu. Mai sa hannu a ƙasan wannan sanarwa shi ne na farko da ya karɓi biro. Muna jin kunyar wannan rana, kuma alkawarin yana nan a wuyanmu har yau, domin ita kanta wannan ta'aziyya sai da ta bi ta teburin kwamiti kafin ta iso gare ku.

Jama'ar ƙasarmu sun saba raɗa wa kowace muguwar shekara suna, don jikoki su san ta. Rahoton ƙarshe da marigayi ya aiko mana ta hannun wani direban Isa ya ce, da ya bayyana wa dattawan Tsamaye laifin da ya dawo da shi gida, sai suka yi dariya duk da halin da ake ciki, suka raɗa wa bana suna Ba-a-faɗi. Sunan ya bi kasuwanni ya kai Kurawa da Isa, har ya tsallaka iyaka.

Ranar sadakar uku, Inna Saude ba ta roƙi wakilanmu hatsi ba, ba ta roƙi digirin ɗanta ba. Abu ɗaya ta nema, cewa jaridar da ɗanta ya kafa ta rubuta gaskiyar abin da ya zama ajalinsa. Inna, ki gafarce mu, ga iyakar inda aka bar hannunmu ya kai. Takardar asibiti ta ce zazzaɓi da rashin jini. Mu kuwa muna shaida wa duniya, da sunan wannan jarida, cewa Ba-a-faɗi ce ta ɗauke Malam Lawwali Bawa Tsamaye. Wannan sunan ba ya cikin takardar da muka sa wa hannu, kuma daga Isa har bakin iyaka babu gidan da zai nemi a fassara masa shi.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya ciyar da shi daga abincinta, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya saukar mana da damina mai albarka. Haruffan wannan sanarwa mu muka sa musu ƙugiya da hannunmu, idan mun tsallake wani, babu sauran mai yi mana faɗa.

Sa hannu:
Halliru Maliki Isa
Sakataren Yaɗa Labarai,
Majalisar Editocin Jaridar Guga
Talata, 23 ga Afrilu, 1985