Ɓarnar Tukur

Mabera, Sakkwato.

Zuwa ga aminina Zayyanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Inna Murja? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na samu labarin an gina kwalbati a ƙoramar ƙauyenmu, can bayan Dundaye, kuma za a kafa allo da sunanta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san da can Ƙoramar Giginya ake ce mata. Tana tasowa daga gindin tudu, ta bi bayan gonarku, ta karya gabas ta faɗa gulbi. Shekarar da ta fasa gaɓa ta cinye shinkafar gida bakwai, aka ce mahaifinka Tukur ne ya yanke ta, don a gonarsa aka ga saran. Tun daga nan ta koma Ɓarnar Tukur, har ya rasu ana kiranta haka a gabansa.

Zayyanu, ni na yi saran. Ina da shekara ashirin, na so in ja ruwa zuwa gonarmu, sai aka yi ruwan sama a tudu, ruwa ya bi saran ya fasa gaɓar. Tsoro ya rufe mini baki, daga baya kunya. Shekara talatin muna cin tuwo kwano ɗaya da kai.

Ranar Juma'a zan zo in faɗa gaban mai gari.

Naka,
Auwalu

Mabera, Sakkwato.

Zayyanu,

Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya.

Ban gan ka ranar Juma'a ba, kuma ban ga laifinka ba. Na faɗi komai. Mai gari ya ce a allo za a rubuta Giginya, amma bakin mutane ba ya hannunsa.

Daga nan na shiga wurin mahaifiyarka, Inna Murja. Na durƙusa, ban kai ƙarshe ba ta tsayar da ni. Ta ce Baba Tukur ya hango ni a ranar, ina riƙe da fartanya. Ya hana ta faɗa, ya ce ni maraya ne, da ƙanne huɗu a wuyana, in aka kore ni su za su wahala. Ta ba ni fura, na kasa sha.

Kafin in taho na je kabarinsa, na daɗe a tsaye.

Ba dole ka ba ni amsa ba.

Ɗan'uwanka,
Auwalu