Shekara Ta Ƙare, Littafi Bai Ƙare Ba

Sakkwato, 4 ga Safar

Zuwa ga wana Dodo, gaisuwa da ban girma. Ina fatan kana lafiya, da Hajjo da yara, da masu ɗaukar karatu a zauren marigayi Baba.

Bayan haka, na kama koyar da fiƙihu a makarantar Bature. Na san za ka yi tsaki, yi abinka. Suna da wani abu wai shi shekarar karatu. Ranar buɗewa da ranar rufewa an rubuta an liƙa a bango, tun ba a san wa ke da kai ba. In ta cika, aji ɗungum ya matsa gaba. Shekara huɗu na yi kan littafin fiƙihun nan gaban Baba, kai shida, ba mai ƙidaya mana sai Inna.

Wassalam, ƙanenka Hayatu.

Sakkwato, 20 ga Zulƙida

Yaya Dodo, gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Shekara ta cika muna babin ciniki, babin gado na can gaba. Na roƙi Bature ƙarin wata uku. Ta bakin tafinta ya ce ba a ƙara wa shekara wata, wasu yara na jiran tabarmin. Ya miƙo takardun shaida na ɗalibai tara in sa hannu cewa sun yi fiƙihu. Ka san Baba bai taɓa shaidar mutum ba sai ya ji shafin ƙarshe daga bakinsa. Kwana biyu takardun suna ƙarƙashin buzuna. Na sa hannu, Yaya. Na ji kunya, amma ban bar aikin ba.

Wassalam, Hayatu.

Sakkwato, 9 ga Muharram

Yaya, ina gaishe ka da iyali duka. Da fatan an shiga sabuwar shekara lafiya.

Sababbin yara sun zo, mun koma shafin farko. Tukur, mafi hazaƙa cikin taran nan, an tura shi garinmu magatakardan alƙali, an ce har lissafin gado shi zai riƙa yi. In ya leƙo zaure, ka ƙarasa masa littafin, kada ka yi masa gori, ba laifinsa ba ne. In bai zo ba, ga wasiyyata: ranar da na riga ku gidan gaskiya, kada ku kai masa rabon gadona. Sunana ke kan takardarsa, kuma na san inda muka tsaya.

A gaida Inna. Wassalam, ƙanenka Hayatu.