Sunansa Sulaimanu, Ba Takruni Ba

Zuwa ga Ustaz Abdulhadi, shugaban ƙungiyar kurket ta ma'aikatan bakin teku, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Hamza Mai Tabarma, tsohon nan da yake yayyafa wa filinku ruwa, ya daɓe shi, ya shimfiɗa tabarmar wasa kowace Juma'a tun gemu bai fito maka ba. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san kana ji sarai, ko da yake in an yi maka ita a ofis sai ka ɗaga gira kamar an yi maka Turkanci.

Na farko. Juma'ar da ta wuce kun yi walimar sallamar mutum biyu da suka ajiye wasa: Gulam Rasul mai jifa, da Malam Sulaimanu Bahago mai bugu. Bari in tuna maka ko su wa ka sallama. Malam Sulaimanu a makarantar midil ya koyi kurket can gida, ya zo aikin hajji, Allah ya zaunar da shi yana akawu a tashar jiragen ruwa. Idan ya tsaya gaban sandunan nan uku ya gyara tsayuwa, mu 'yan unguwar Karantina da ba mu san kan wasan ba mukan bar sana'armu mu zo, don kawai mu ga Bature yana bin ƙwallon ɗan'uwanmu da gudu, yana haki. Gulam kuwa, ƙwallonsa a nan take faɗuwa ta tashi a can. Ranar da aka raba su ɓangare biyu, ko mai shayi ba ya kula kowa. Ba za mu sake ganin irinsu ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Na biyu. Da aka yaye ƙyallen allon tunawa, ga Gulam Rasul da sunan ubansa da na garinsu, da ruwan zinariya. A ƙasa kuma an rubuta "At-Takruni". Shi ke nan! Sunan da ake kiran duk baƙar fatar da ta fito daga ƙasashenmu, da ɗan dako da mai shara da ni kaina. Ina tsaye kusa da Malam Sulaimanu. Ya karanta, ya yi murmushi, ya tafa tare da kowa, sannan ya nemi takalmansa bai taɓa shinkafarku ba.

Na uku. Ranar Lahadi na zo ofishinka a unguwar Bagdadiyya, ka bar ni a tsaye, ka ce haka yake a littafin maki, halas, wato magana ta ƙare. Gaskiya ne. Mai rubuta maki na farko mutumin Hindiya ne, ya ji 'yan kallo suna ihun Takruni, ya zaci suna ne, na bayansa suka yi ta kwafa. Shi baƙo ne, na yafe masa. Kai fa? Malam Sulaimanu ne ya rubuta maka takardar neman aiki da Turanci, ya sa hannu a gabanka da cikakken sunansa. Kakarka Hajiya Kande, Allah ya jiƙanta, ƙosai ta toya a Karantina har ta koma ga Allah. Ba mantuwa ka yi ba. Tsoro ka ji kada manyan kwamiti su ga ka ɗaukaka namu, su tuna inda ka fito. To, na sa an juya wasiƙar nan da Larabci, tana manne a gidan gahawa a unguwar Bab Makka. Ka ƙi sharar masallaci, ga ta kasuwa.

Abin da nake nema bai da yawa. A sauke allon nan, a rubuta Sulaimanu ɗan Muhammadu da irin ruwan zinariyar da aka yi wa Gulam, kai da bakinka ka karanta a gaban jama'a. Kuma a yi shi kafin jirgin da zai kwashe ragowar alhazai ya tashi, domin a cikinsa zai koma gida, ina so ya gani da idonsa.

Kafin nan, ga mabuɗin ɗakin ajiya na aiko maka. Tabarma tana ciki a naɗe, ka shimfiɗa da kanka. Filin nan ƙasar gishiri ce, ni kaɗai na san inda take lotsawa, kuma ba zan faɗa ba. Masu kawo ruwa ba za su zo ba, mai shayi ma haka. Tunda duk sunanmu ɗaya ne a wurinku, abin da aka yi wa ɗaya an yi wa duka.

Allah ya ƙara maka girma, ya ja kwananka har ka tsufa a kan kujerar nan. Allah ya sa su yi maka walima, su yaye ƙyalle a gaban 'ya'yanka, ka karanta sunan da waɗanda kake rusuna wa suke kiranka da shi in ka fita.

Wassalam.

Hamza Mai Tabarma,
Karantina, Jidda.