Mujalla Mai Kujera da Haƙora

Assalamu alaikum Yaya,

Ka gafarce ni da na dame ka, na san ba ka son doguwar takarda. Ina gaishe ka da iyali, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi.

Jikin Baban yara ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, shagon gyaran agogon ma an rufe. Abinci sai da lallashi. Abin da ya rage masa kawai tsofaffin mujallun nan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tarawa, masu zanen 'yan siyasa a bangonsu. Ka san ni da su. In zan yi salla a ɗakinsa sai na kife su, shi kuwa ya yi ta dariya, wai Malama ƙyale su, ko mala'iku sun san waɗannan ba mutane ba ne. Yau ga shi ni ce mai ɗaga masa su kowace safiya, ina istigfari a zuci.

Bokona bai kai in karanta su ba, da zane nake gane jerinsu. Daga mai tumbin da ke haɗiye akwatin zaɓe, sai mai kujera da haƙora. Ita ce babu. In mun zo gurbinta sai ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, ya zuba wa ƙofa ido, hawaye na gangara har kunnensa. Na gwada tsallake wurin da sauri, ranar ko ruwa bai karɓa a hannuna ba.

Yaya, ina tsaye shekarun baya ka fizge ta daga hannunsa don ta taɓa jam'iyyarku, ka ce kai da gidanmu har abada. Jam'iyyar ta watse, masu kujerar sun riga mu gidan gaskiya, ku biyu kuna nan a kan bakanku. Ban taɓa sa baki ba, kai wana ne, shi mijina.

Yaran sun zaga wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ba a dace ba. Likita kuma ya ja ni gefe ya ce mu yawaita addu'a. Na gane nufinsa.

In tana nan ka aiko da ita, ko ka kawo da kanka in zuciyarka ta yarda. In kuwa ka ƙone ta kamar yadda ka rantse, ka gaya mini, in san abin da zan ce masa in mun zo wurin. Ƙarya ce dai ba zan iya yi masa ba.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Auta