Shirun Iliyasu

Madawa, daren Laraba

Rezo, wato layin waya, ya dawo Tamaske bayan la'asar, amma har yanzu raina bai kwanta ba.

Wata da watanni ina fama da ma'aikatanmu na Madawa, Buza da Keita, don mu yarda da tsari guda na gaya wa na'urori hanyar da kiran waya zai bi. Ran da munka zauna, Alhaji Mamman, shugaban na Keita, ya kawo nashi tsarin. Na ce akwai mai gyara? Iliyasu na Buza, wanda ya hi mu ido ga wanga aiki, ya duƙar da kai. Na ɗauka yarda ce.

Yau antan guda, dogon ƙarhen nan na rezo, ta mutu Tamaske. Na'urorin sunka rasa hanya ta biyu, don tsarin bai tanade ta ba. Garin ya yini ba waya. Wata tsohuwa ta tsaya gindin antan ɗin da wayarta, ɗanta na kwance asibiti can Abijan.

Muna can wurin gyara, na ja Iliyasu gefe. "Ka ga kuren tun rannan?"

"Na gani, shef."

"To mi ya hana ka magana?"

"Ɗiyar Alhaji Mamman nike aure. Gaban mutane zan ce mishi ya yi kure?"

Na kasa yi mishi faɗa. Ni ma ban taɓa ɗaga ido gaban surukina ba. Da ma ɗaya-ɗaya na tambaye su ran zaman.

Da rezo ya dawo, wayar tsohuwar ta yi ƙara. Ta kai kunne, sai ta zauna ƙasa a hankali. Ni ma na duƙar da kai, ban tambayi labarin ɗan nata ba.